Inuwar Suna

Ruwan Valdivia ba ya sallama,
shigowa yake kamar mai bin bashi.
Ni ce Nélida, shekara arba'in kan keken ɗinki
a wani ɗaki bayan kasuwar kifi,
inda zakunan ruwa ke hamma a bakin kogi
suna jiran a jefo musu kai da ƙaya.

Ran Litinin aka kawo min buhu:
riguna goma sha takwas, kwancen maza,
masu warin ciyawar bara.
Aka ce, "Cire sunayen, 'yan mata za su sa."
Na ɗauki reza na bi zare,
harafi bayan harafi.
Oyarzún ya fita, Cárcamo ya fita,
amma rana ta riga ta cinye jan da ke kewaye,
sai inuwar sunan ta zauna daram,
kamar baƙon da ya ga tukunya a wuta.

Rigar ta kai wa Rayén har gwiwa.
Ta ce, "Kaka, rage min hannu kawai,
kada ki taɓa lambar."
Tara.
Na yi shiru da allura a baki.
Tara ce tawa, shekarar da na aske gashi
na shiga fili da sunan yayana Baltasar.
Na ci biyu kafin a gane tafiyata,
kuma mace ce ta tona.
Da kunne aka fitar da ni.
Uwata ta jefa takalman a murhu;
har yau in roba ta kama wuta, cikina juyawa yake.

Su nasu lokacin ƙarfe goma na dare,
bayan maza sun tafi, sun ƙarar da ruwan zafi.
Rabin fitilu a kashe, wai kuɗin lantarki.
Yasna mai tsaron raga, daga masana'antar gwangwani take,
hannu na ƙarnin kifi cikin safar aro.
Maite ta kwantar da ɗanta kan tarin jakunkuna,
tana gudu, kunne ɗaya a bayan layi.

Ladan wasa: kuɗin bas da burodi.
Sun rubuta takarda sun kai ofis,
aka ce, "Ku fara tara jama'a tukuna."
Kamar ka ce da rijiya:
kawo ruwa, sa'annan mu haƙa ki.

A talabijin ɗin mai shagon magani
na ga biranen nesa, filaye maƙil don 'yan mata,
tutoci, hawaye, kofi a sama.
Ni bayan rigunan na duba.
Sabon yadi. Babu inuwar kowa.

Lahadin ƙarshe masu kifi suka rufe rumfa,
mutum dubu biyu da 'yan kai.
Kafin alƙali ya busa
sai 'yan matan suka fito da riguna a juye,
ciki a waje, ɗinkina a fili,
kowane ƙulli kowa na gani.
Kunya ta kama ni, ni mai ɓoye bakin zare.
Minti guda ba wadda ta motsa.
Shugaban kulob ya duba agogo,
ya duba takalminsa.

An tashi ɗaya da ɗaya.
Rayén ta ɓarar da fenariti,
ta zo ta jiƙa min kafaɗa.

Ba a daidaita albashi ba, kada in yi ƙarya.
An ba su ƙarfe shida, da ruwan zafi ran Laraba.
Sai jiya mota ta tsaya a ƙofa:
kwali guda, riguna ashirin cikin leda,
bayansu fes kamar goshin jariri.

Na wanke hannu sau biyu.
Na fara da tara.
Sunan yarinyar dogo ne, Huenchumán,
idona kuma ya soma gudu,
amma zan kai ƙarshensa kafin ruwa ya ɗauke.
A garin nan, wannan lokaci ne mai yawa.